Maraƙin da Ya Hana Ni Zuwa Birnin Kebbi

Ko zan manta komai na makaranta, ban da ranar da ɗan maraƙi ya kayar da ni a gaban aji.

Muna aji huɗu a sakandaren 'yan mata a Jega, ba a daɗe da yanke mana jiha daga Sakkwato ba, aka ce za a yi gasar lissafi a Birnin Kebbi, ɗaliba ɗaya daga ajinmu. Ni kam har na wanke takalmina. Wa zai ja da ni? Abin da muke karantawa lokacin shi ne fankishan: da'ira biyu, a ja kibiya daga abubuwan hagu zuwa na dama. Ƙa'idar ita ce kowane abu na hagu kibiya ɗaya tak za ta fita daga gare shi. In ta kai biyu, dangantaka ce kawai, ba fankishan ba. Na haddace wannan da Turanci kamar karatun allo.

Sai malaminmu ya ce shi ba hadda yake so ba, kowa ta kawo misali daga gidansu.

Ni 'yar Aliero ce, cikin albasa na tashi. Amma akwai wata Bafillatana daga wajen Maiyama, mai shiru-shiru, wadda makinta ya fara matso nawa, abin yana ci mini rai. Don in nuna mata iyakarta, na zaɓi shanu. Na zana maruƙa a hagu, shanu a dama, na rubuta "yana shan nonon" a sama.

Na ce, "Kowane maraƙi saniya guda yake tsotsa. Fankishan ke nan. Malam, a ba ni kuɗin mota."

Sai na ji dariyar Bafillatanar nan daga baya.

"Ke, mi ab abin dariya?" na daka mata tsawa.

Ta ce, "Malam, Kaɗo bai san saniya ba sai cikin tukunya. Muna da wani ɓarawon maraƙi, shanu uku yake zagayawa. Wanda uwatai ta mutu kuma, ga wata muke liƙa shi."

Aji ya kwashe. Malam ya miƙa mata alli. Ta fito tana jan mayafi, ta ƙara kibiya biyu daga maraƙina na farko, zanena ya rushe a idona. Sannan ta goge rubutuna, ta sa "wadda ta haife shi".

Ta ce, "Wannan kam guda ce, ko maraƙin wane ne."

Malam ya ce, "To in aka juya, daga shanu zuwa maruƙa?"

"Ba ta yi, Malam. Saniyar innata huɗu ta haifa."

Wallahi sai a lokacin na gane abin da na yi wata guda ina rerawa. Ita ta tafi Birnin Kebbi. Na yi kwana biyu ba na yi mata magana, a na uku na gaji da fushin, na ɗauki littafina na same ta a gindin darbejiya na ce, "Matsa mini, 'yar Fulani, ki sake yi mini bayani." Ta matsa tana dariya.

Tun daga ranar na san hadda daban, fahimta daban. Abin da ba ka iya kwatanta shi da kayan gidanku ba, ba ka san shi ba tukuna, komai daɗin Turancinka.