Bindigar Mai Agogo

Har yau idan aka ce Zobe a layinmu, kowa ya san mai gyaran agogo ake nufi, alhali bai taɓa sa zobe a yatsa ba. Ya samo sunan ne ranar da ya je shagon sayar da bindigogin farauta, ya ɗauki wata tsohuwa ta hannu, ya buɗe ta ya ga babu harsashi, sannan ya manna ido a bututunta yana leƙe kamar yadda yake leƙa cikin agogo. Ashe an shafe ta da baƙin mai. Haka bawan Allah ya ratso kasuwa da baƙar da'ira kewaye da idon dama, yana gaisawa da jama'a cikin mutunci, yana mamakin yadda yau kowa ke ta fara'a. Sai da ya isa gida matarsa ta dube shi ta dafe ƙirji, ta ce, "Maigida, kai da waye?"

Wurin sana'arsa ɗan tebur ne a ƙarƙashin matakalar wani bene, tsakanin tela da mai sayar da takalma. Akwai akwatin gilashi cike da matattun agogunan da masu su suka manta da su, da ɗan gilashin da yake maƙalawa a ido. Tun da waya ta fara gaya wa mutane lokaci, aikinsa ya koma canjin batir da maɗauri. Abin da ake samu yana ciyar da gida, amma ba ya sayen bindiga sai da dogon haƙuri.

Shi kuwa bindiga yake so, kuma ba don nama ba. Mahaifinsu kan taɓa farauta bayan girbi, kuma da ya rasu bindigarsa ta koma hannun babban ɗa, wanda ya zauna a gona. Ranar da Zobe zai taho birni ya roƙi aron ta, ya harba ko sau ɗaya. Yayan ya ce, "Auta, ni ba na ba da aron bindiga. Ranar da ka sami taka, ka zo mu shiga daji tare." Maganar nan ta zauna masa a rai har furfura ta same shi da ita.

Duk shekara idan aka kwashe amfanin gona, wayarsa takan yi ƙara. Mu ma mun haddace hirar.

"Auta, zabi sun sauko. Ina taka?"

"Ina kan dubawa, Yaya."

Kuma da gaske yana dubawa. Lasisi ya daɗe da yankar shi, yana sabuntawa kamar mai biyan hayar ɗakin da bai taɓa kwana ciki ba. Ɗan abin da yake tarawa sau da yawa rufin ɗaki ko makarantar yara ke lashewa. Amma ko lokacin da ya taru, sai zaɓen wadda zai saya ya hana. Ya san sau ɗaya zai saya a rayuwarsa, saboda haka dole ta zama mai ƙarko.

Mai shagon bindigogi ya saba da shi har yana ajiye masa kujera. In ya miƙo masa mai sheƙi mai madubin hange, sai Zobe ya shafa ta, ya tambayi kuɗinta, ya mayar a hankali kamar jaririn wani. In ya miƙo mai araha, sai ya kai ta kunne ya girgiza, ya ce, "Akwai abin da ke motsi a ciki. Agogon da ke wannan ƙara ba ya kai baɗi." Wata ya ce harsashinta wuyar samu gare shi. Wata ya ga tsatsa kusa da kunamar da ake ja. Wata kuma ba ta zauna masa a kafaɗa ba.

"Ranka ya daɗe," in ji mai shagon, "ko masu neman aure ba sa bincike haka."

Akwai dai wata guda can ƙasan jeri, mai cin harsashi ɗaya, ƙotarta ta katako duk ta goge, ba ado ba ƙyalli. Ba ta motsi in an girgiza, kuɗinta kuma bai fi ƙarfinsa ba. Kullum sai ya ɗauke ta a ƙarshe, ya daɗe riƙe da ita, sannan ya ce bari dai ya ƙara dubawa, kada wadda ta fi ta ta zo.

Bara wayar ta yi ƙara kamar kullum. Yayan ya ce, "Auta, zabi sun sauko. Daga bakin ƙofa nake hango su, gwiwar nan ta fara yi mini gardama." Ya tambayi yara, ya tambayi kasuwa, ya yi sallama. Bai ce ina taka ba.

Ranar Zobe ya wuni da agogo guda a hannu bai ko buɗe bayansa ba. Da ya ba matarsa labari, sai ta ce, "Kai kana neman wadda za ta daɗe. Ka tambayi gwiwar Yaya ko za ta jira ka?"

Washegari bai buɗe tebur ba. Ya shiga shagon ya nuna ta ƙasan jeri. Mai shagon ya miƙo masa tsumma yana dariya, wai ko zai leƙa bututun. Zobe ya ce a naɗe masa kawai.

Ya tafi da ita ƙauye wurin yayan, ya dawo ba ko gashin tsuntsu. A hankali muka ji yadda aka yi. Sun fita da sassafe, yayan da sanda a hannu, bindigar mahaifinsu a kafaɗa. Ba su kai daji ba. A ƙarshen gonar farko gwiwa ta ce nan ne iyaka, suka zauna a kan wani kututture. Yayan ya karɓi sabuwar ya juya ta, ya girgiza ta a kunne shi ma, ya ce, "Ba laifi." A bakinsa wannan babban yabo ne. Can sai ga zabi sun fito suna kiwo, kusa ƙwarai. Yayan ya yi raɗa, "Ɗauki na gaba." Zobe ya ɗaga, ya saita, sai ya tuna in ya harba za su watse, shi da yayan kuma su tashi su koma gida, shi ke nan an gama. Ya sauke ta a kan cinya. Suka zauna suna kallo har rana ta yi zafi.

Yanzu tana rataye a ɗakinsa, yana shafa mata mai, yana kasa kunne ga waya duk da girbi da saura.

Rannan tela ya leƙo ya ce, "Haba Zobe! Shekara da shekaru kana zaɓe, ko fiffike ɗaya ba ka kawo mana ba?"

Bai ko cire gilashin daga ido ba. Ya ce, "Ai na gaya muku mai ƙarko nake nema. A yadda ni da Yaya muke aiki da ita, jikokina ma sai sun gaji da ganin ta."