Katangar Malam Waliyyu

Duk wanda ya zauna unguwarmu a Aliero ya san Malam Waliyyu mai albasa, in bai san shi da komai ba ya san shi da katangar gidansa. Ta jar ƙasa ce, sumul. Ubansa ya gina ta, shi kuma kowace shekara kafin damina ta sauka sai ya kwaɓa ƙasa ya yi mata sabon yaɓe da hannunsa. In hantsi ya haska katangar nan, wallahi sai ka ji wani barci-barci yana ɗibar ka. Yakan zauna gindinta ya lumshe ido, yana nuna mana inda zai gina ɗakunan jikokinsa, alhali ko iyayensu ba su isa aure ba.

Shekarar da aka ba mu jihar Kebbi kowa buri ya cika masa kai. Malam ya kai wa wani banki a Jega takardar gidan jingina, ya karɓo rance, ya sayi injin ban-ruwa, ya ƙara faɗin gonarsa. Albasa ta yi kyau. Ya tara ta a rumfa yana jiran ta yi tsada, sai ruwa ya sauko da wuri ya ruɓar da fiye da rabi.

Ko a jikinsa. Shi jinginar da ya sani ita ce ta kakanninmu: ka ba mutum gona ko gida ya riƙe, ranar da Allah ya hore ka mayar masa da kuɗinsa ka karɓi abinka, ko da jikanka ne ya kai. Ya sayi goro, ya ja limamin unguwa suka tafi Jega roƙon a ɗaga masa zuwa kakar albasa ta gaba. Manaja ya ci goro ya ce ba huruminsa ba ne, sai Birnin Kebbi. Can suka ce maganarsa tana Sakkwato tun kafin a raba jiha. Sakkwato suka ce su yanzu ina ruwansu da mutanen Kebbi? Haka suka yi ta gara dattijo daga tasha zuwa tasha. Har gobe in na tuna raina ɓaci yake yi.

Aka yi gwanjon gidan. Alhaji Sanusi, wani ɗan kasuwar Jega, ya saya ya zuba 'yan haya. Malam ya kwashe iyalinsa ya koma wurin ƙanensa a Liba.

Da bazara ta zagayo sai ga shi a ƙofar gidana, wai in ara masa jaki ya ɗebo ƙasa.

Na ce, "Malam, gidan nan fa an sayar da shi."

Ya yi murmushi ya ce, "Riƙo na, ɗana. Mai riƙo shi zamna abinshi, amma gyara na mai gida na."

Haka ya yi ta zuwa shekara da shekaru. Ya yaɓe katangar tas, ya wanke hannu, ya zauna gindinta ya lumshe ido, ɗakunan jikokin nan suna nan tsaye a kansa har da fentinsu. 'Yan haya suna kawo masa ruwa. Alhaji Sanusi ma ya ji labari, ya ƙyale shi.

Wata bazara ya zo, na ba shi jaki, na kasa gaya masa cewa Alhaji ya rushe katangar ya ja ta bulo. Na bi shi a baya. Ya tsaya ya daɗe yana kallo. Duk da haka ya sauke ƙasarsa, ya kwaɓa, ya dunƙula ya maka a jikin siminti. Ta sulale ta faɗi. Ya sake makawa, ta sake faɗuwa.

Ya dubi tafin hannunsa ya ce, "Ashe da gaske suke."

Ya miƙo mini igiyar jakin. Bai sake taka Aliero ba.