Sunan da Dodo Bai Taɓa Faɗa Ba

Duk wanda ya girma a Gaya ya san muryar Dodo kafin ya san fuskarsa. Shekara ashirin da shida ya yi yana karanta kominike, wato sanarwa, a wata 'yar rediyo da ke bayan kasuwa: ɗaurin aure, suna, saniyar da ta ɓace a ƙauyen Bana, da kuma rasuwa. Rasuwar ce ta yi masa suna. Gajeren mutum ne mai faɗin ƙirji, ba shi da yawan magana, amma in ya zauna gaban mikoro ya ce "Innalillahi", mata kan tsayar da daka su saurara. Da Hausa yake farawa, ya juya Dandanci, ya rufe da Zabarmanci. Kuma kafin ya faɗi sunan mamaci sai ya yi shiru, ya ja numfashi ɗaya. Ya ce numfashin nan na dangi ne, su samu su zauna.

Suna ɗaya ne bai taɓa fita daga bakinsa ba, wato Sha'ibu. Sunan mahaifinsa ne, shi kuma aka sa wa ɗansa na fari, kunya biyu ke nan a kan suna ɗaya. In takarda ta zo da wani Sha'ibu, ko na Yelu ne ko na ƙetaren kogi, sai Dodo ya miƙa wa abokin aiki, ya fita shan ruwa. Ɗan nasa kuwa, tun yana rarrafe "kai" yake ce masa. Da ya girma ya kama tuƙi, yana jigilar albasa tsakanin Gaya da Doso, sai ya koma "mai kamiyo". Uwarsa Kaltuma ma haka, "wancan" take cewa.

Sha'ibu ɗan tsokana ne. Yakan durƙusa gaisuwa ya ce, "Baba, tsakani da Allah, ka ma san sunana kuwa?"

"Tashi ka ba ni wuri," in ji Dodo.

Amma can cikin ransa yana da ajiya. Ya ƙudura cewa zai kira shi da sunansa sau ɗaya tak, ranar da ya kwanta ciwon ajali, ya riƙe hannunsa ya damƙa masa gida. Ko Kaltuma bai gaya wa ba. Yana son yaron nan ƙwarai, ya kuwa adana kiran nan yadda ake adana riga ta ranar salla.

Sai makogwaro ya ci amanarsa. Abu kamar mura, wata uku bai tafi ba. Aka kai shi likita aka yi masa aiki, ya dawo da ransa, muryar ta tsaya can. Abin da ya rage sai raɗa, sai ka kai kunnenka bakinsa. Bai yi kuka ba, bai yi fushi ba. Ya sa kujera a ƙofar gida yana kallon masu babur da ke kai fasinja bakin kogi, tun da aka rufe gada jama'a suka koma kwalekwale.

Wata rana Alassan, shugaban rediyon, ya zo gaishe shi. Mutum ne mai kirki, sai dai Allah ya yi shi da zumuɗi. Ya yi karatun odinata, wato na'ura mai ƙwaƙwalwa, a Yamai, kuma bakinsa ba ya hutawa da zancen basirar na'ura.

"Baba Dodo, mutane sun ƙi kominike in ba da muryarka ba. Muna da kaset-kaset ɗinka na shekara da shekaru. In ka yarda, na'ura ta saurare su ta koyi maganarka."

Dodo ya dube shi.

"Wallahi ana yi! Wannan ma wasan yara ne. Masana na cewa ranar na zuwa da na'ura za ta ƙera wadda ta fi ta wayo, waccan ta ƙera wadda ta fi ta, har a kai inda ɗan Adam ba ya iya bin sawu. Daga nan ba wanda ya san abin da zai faru."

Dodo ya raɗa, "To." Da an ce masa gobe kogi zai juya baya, haka zai ce.

Gwajin farko abin dariya ne. Muryar ta fito kamar Dodo ya haɗiyi garwashi, ta karya sunayen ƙauyuka, Dandancinta kuwa kar ma a yi zance. Garin ya sha dariya har ya gaji. Bayan wata huɗu dariyar ta ragu. Kafin shekara ta zagayo babu mai dariya. Na'ura ta kama tarinsa, ta kama yadda yake jan "Allah ya jiƙansa", kai, har numfashin nan na kafin suna ta kama. Alassan ma ya daina karanta takardu: ka aika saƙo ta salula, ita ta tsara ta karanta. Dodo kan ji kansa daga rediyon mai shayi da ke tsallaken hanya yana sanar da mutuwar mutanen da bai san sun mutu ba. Ya laluba zuciyarsa ko zai ji haushi, bai tarar da komai ba.

Ranar wata Alhamis da hantsi, tayar gaba ta fashe wa kamiyon Sha'ibu a hanyar Doso. Kafin azahar an kawo gawarsa. Aka yi masa sutura aka kai shi. Dodo ya zuba ƙasa da hannunsa, ya dawo ya zauna kan tabarma, jama'a na ta "Allah ya ba da haƙuri", shi kuma yana ɗaga kai. Ƙanensa Yakuba ne ya tuna da dangin nesa, ya aika saƙo rediyo kamar yadda kowa ke yi.

Bayan la'asar, rediyon mai shayi ya ce, "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un." Muryar ta ja numfashi ɗaya. Sa'an nan ta ce, "Sha'ibu Dodo."

Sarai ta faɗe shi, da taushi, daidai yadda ya shirya faɗa shekara talatin da ɗaya. Babu sunan nan a kaset ko ɗaya, amma ta haɗa shi. Ta maimaita da Dandanci, ta maimaita da Zabarmanci. Sau uku.

Wani tsoho da ya zo daga ƙauye, bai san zancen na'ura ba, ya riƙe hannun Dodo ya ce, "Kai, ka yi ƙarfin hali! Ɗan fari, da bakinka?" Dodo bai gyara masa ba. Alassan ya iso a guje, ya zube gabansa. "Baba, ka gafarce ni. Wallahi ban gani ba, ita ta karɓa ta karanta. Yanzu zan goge." Dodo ya ɗaga masa hannu kawai, ya tashi ya shiga cikin gida.

Kaltuma na zaune a ɗaki, mata sun ba su wuri. Ta ce, "Malam, na ji ka."

Ya girgiza kai.

"Na sani," ta ce. "Na san ba kai ba ne. Amma ka ce wa Alassan kar ya goge. Ya sa mini a salula."

Aka sa mata. Yau wata biyar ke nan, kowace safiya in ta gama shara takan zauna a bakin ƙofa ta kunna. Dodo kan jawo kujerarsa kusa. Muryar ta yi salati, ta ja numfashi. A cikin numfashin nan yakan buɗe baki, leɓensa ya motsa da niyyar furta harafin farko. Kullum sai ta riga shi.