Hannun Hagun Albashir

Albashir Gaji Maidawa na haɗu da shi a tashar Bagudo, da hantsin wata Laraba. Dogo ne, furfura ta fara masa, yana rataye da doguwar jaka cike da sanduna masu kan ƙarfe. Mota ɗaya ta rage mai zuwa iyakar Benin, gasa kuma na jiransa a ƙetare. Fasinjoji sun ƙi a sa shi, domin hannunsa na hagu ya fi na dama haske ƙwarai.

"Alhaji, mi ya samu hannun ga?" in ji direba. "Mutane na tsoron ciwon fata."

"Safar hannu ce ta kare shi daga rana. Shekara ashirin ina wasan golf, na buga 'yar ƙwallo da sanda, kofi shida na ci. Hagu kaɗai muke sa wa safa."

"Ta daman tsada ta yi?"

 Ina zaton tun Albashir yana ɗaukar wa manyan 'yan wasa jaka ya saba da irin wannan ba'a. Ya zaro sanda, ya ajiye goruba a ƙasa, ya buga. Ta tsallake rumfuna uku, ta faɗa cikin bokitin wankin motar.

Direba ya buɗe masa gidan gaba.

Ganina da shi na ƙarshe ke nan, 15 ga Maris, 2023.