Ranar da Na Sare Inabin Tsohuwa

Shekarun baya, a wata shekara da damina ta yi mana gardama a Dakoro, hatsin da na ɗaure bai isa ya kai iyalina bazara ba, sai na bi abokina zuwa arewacin Aljeriya neman aikin ƙarfi. Shi mutumin Ɗan Gulbi ne, ya riga ni sanin hanya da shekara biyu. Shi ya kai ni wurin wani tsoho da matarsa da ke zaune su kaɗai a kan tudu, 'ya'yansu duk sun watsu birane, ga zaitun ya nuna babu mai tsinka. Suka ba ni ɗaki kusa da garken awaki, abokina kuma ya koma gonar da yake aiki a gangare.

Gonar ba wata babba ba ce. Itatuwan zaitun kamar arba'in, ɓaure 'yan kaɗan, awaki bakwai, kaji, da ɗan fili na sha'ir da wani wake mai faɗi. In gari ya yi garau ana hango teku daga bakin ƙofa. Tsohon ya taɓa aiki a Faransa yana saurayi, ni kuma na ɗan taɓa lakwal, wato makarantar boko, kafin in gudu, don haka da guntun Faransancina muke fahimtar juna. Tsohuwar kuwa yarensu kaɗai take ji, sai mu haɗu a sallama da nuni da hannu. Ina kiransa Baba, ita kuma Iya, suka amsa.

Abin da ya fara ɗaure mini kai shi ne ruwa da sanyi su zo tare. A wurinmu in ɗari ya shigo an gama aikin gona, sama ta kama bakinta sai baɗi. A can kuwa sai da sanyi ya kankama sannan hadari ya haɗo, tsohon ya fito da buhun iri. Na ce a raina lallai dattijon nan tsufa ya fara taɓa shi, wa ke shuka da ɗari? Ba a yi sati biyu ba fili ya yi kore shar. Na haɗiye maganata, na gode Allah da ban furta ta ba.

Watanni biyu muka yi muna tsinkar zaitun. A shimfiɗa raga a gindin itace, in hau ina tsefe rassa da hannu, yatsuna sun ƙage kamar ba nawa ba. Iya tana biye a duƙe, tana tsince waɗanda suka yi tsalle suka bar ragar, ɗaya bayan ɗaya, ko ƙwaya ba ta bari a ƙasa. Ranar farko na jefa ɗanye a baki don in ji abin da ake wa wannan wahala. Ɗacinsa ya ci uban maɗaci. Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta miƙo mini busasshen ɓaure in kashe ɗacin.

Ban taɓa ganin mutanen da ba sa zubar da komai irinsu ba. Ganyen reshen da aka sare na awaki ne, ƙiraren na gasa gurasa, tunkuzar da ta dawo daga injin matsar mai ta hura wuta ce, tokar kuma a kai wa wake. Ranar da ruwa ya hana fita, Baba yana gyaran kwando ko wasa wuƙaƙe a bakin murhu, Iya tana murza tsakin alkama a akushi. Abincinmu gurasar sha'ir ce a tsoma a sabon mai, mai ɗan yaji a maƙogwaro, da miyar wake mai zafi. Da ta ga hannuwana sun tsattsage, ta zuba mini mai a tafi ta nuna in shafa, ta kuma ɗauko tsohuwar alkyabbar mijinta ta gashin tumaki ta yafa mini. Wallahi na ji daɗin mutanen nan, na kuma yi ta neman hanyar da zan saka musu.

To, a bakin ƙofarsu akwai rumfa ta ƙarafuna, wani busasshen abu ya nannaɗe ta. Babu ganye ko ɗaya, ɓawonsa yana saɓulewa kamar tsumma, gindinsa ya kai kaurin cinyata. Duk wanda ya tashi a wajenmu ya san abin da ake yi wa irin wannan. Duma ko kabewa in suka hau danga ko rufin ɗaki suka gama yayinsu, ana yaye busasshen yaɗon a ƙone, don kada ya zama gidan kunama. Gidan da aka bar shi har ɗari ya wuce, an san babu namiji mai ƙarfi a ciki. Kullum na wuce sai in ce, Allah sarki, tsufa ya hana su. Ban tambaya ba. An ce matambayi ba ya ɓata, amma ni a ganina me zan tambaya a kan abin da na sani tun ina yaro?

Wajen ƙarshen sanyin, wata safiya suka shiga mota zuwa gari, za a duba hannuwan Baba a likita, don sun daɗe suna masa karkarwa. Na ce yau ce ranar. Na yaye rassan daga rumfar kaf, na ɗauko gatari na sare gindin daidai gwiwata. A sara na uku na lura cikin itacen ba busasshe ba ne, amma na ce ai ruwan sama ne ya jiƙa shi. Na daddatsa, na jera a gefen bango tsaf, na share wurin fes. Har alwala na sake na zauna a kan dutse ina jiran yabo.

Da la'asar suka dawo. Iya ce a gaba da kwando a hannu. Ta tsaya cak. Ta ajiye kwandon a hankali, ta je ta durƙusa gaban kututturen, ta ɗora tafinta a kai. Ruwa ne garai-garai yake tsattsafowa daga wurin saran yana gangarowa ƙasa. Ta daɗe a haka, sannan ta tashi ta shige ɗaki ba ta dube ni ba.

Baba bai ɗaga murya ba. Tambaya ɗaya ya yi mini: "Ka ƙona?"

Na ce, "A'a, Baba, ga su can."

Ya ce, "Alhamdu lillahi." Ya nufi tarin itacen yana tonawa da hannuwansa masu rawa, yana zaro siraran rassa masu kaurin ɗan yatsa. Ya naɗe su a jiƙaƙƙen buhu, ya sa na haƙa rami a yashi bayan ɗaki inda rana ba ta kaiwa, muka binne. Sai da muka gama ya gaya mini abin da na aikata. Inabi ne. Haka yake kwana duk sanyi kamar matacce, bazara ta yi ya farka ya rufe rumfar. Kuma ranar da aka kawo Iya gidan tana amarya ta zo da reshensa daga gidan mahaifinta. Yanzu wancan gida ya rushe, uwar itacen ta mutu, iyayenta da 'yan'uwanta duk sun rasu. Abin da ya rage mata na gidansu ke nan, ni kuma na zo daga Dakoro na kai shi ƙasa da sara bakwai.

Garin neman gira na rasa ido. Na kira abokina a waya na gaya masa. Ya ce, "Kai, mi ka aikata haka? Tattara kayanka ka taho nan tun ba su kore ka ba, in ɗiyansu sunka ji ba ka kwana lahiya."

Har na fara naɗe tabarma, sai na ce bari in ji ta bakin mahaifiyata, na buga mata waya gida. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "Mutanen ga sun ba ka tuwo?"

Na ce, "Sun ba ni, Inna."

"Sun ba ka sutura?"

"Sun ba ni."

Ta ce, "To in ka gudu ba ni na haihe ka ba. Ka tsaya nan inda ka yi ɓarna. In duka na, ka sha. In kora ta, su hwaɗa ma da bakinsu."

Na warware tabarmata na zauna.

Ba a kore ni ba, ba a zage ni ba. Baba ya ce akwai dabara ɗaya, irin auren da ake yi wa mangwaro: a tsaga kututturen a dasa masa reshensa na kansa. Yana iya kamawa, yana iya ƙi. Amma sai an jira ya daina zubar da ruwa, in ba haka ba ruwan zai ruɓar da dashen. Ya ɗaga hannuwansa ya nuna mini yadda suke karkarwa, ya ce, "Waɗannan ba za su iya ba. Hannun da ya sare shi ne zai ɗaure."

Sati biyu yana koya mini fiƙe reshe da wuƙa a kan ƙiraren itacen rumman. Yanka ɗaya ta kowane gefe, sumul, ba a komawa. In na kawo sai ya shafa da babban yatsa ya jefa wa awaki ya ce in sake. Ni da nake ganin na iya riƙe wuƙa tun ina kiwo, sai ga ni ina zufa cikin sanyi a kan ɗan tsinke. Ranar da kututturen ya tsane, muka tono rassan nan, suna nan da ransu. Na daidaita kan kututturen da zarto, na tsaga shi, na fiƙe rassa biyu na cusa ɗaya a kowane gefe, yana tsaye a kaina yana cewa ɓawo ya haɗu da ɓawo. Muka ɗaure da igiya, muka shafe da laka, muka tara ƙasa a kai. Ya yi bisimilla ya ce sauran na Allah ne.

Duk wannan lokacin Iya ba ta ce mini uffan ba. Abincina bai taɓa makara ba, wani lokaci ma har da dafaffen ƙwai a gefe. In na yi sallama takan amsa a ciki-ciki, idonta a ƙasa, shi ke nan. Babu dariya, babu nunin nan da hannu da muka saba. Gaskiya da ta ɗauki icen ta rafka mini da ya fi mini sauƙi. Kullum da safe kafin in saki awaki sai na je na tsuguna gaban tulin ƙasar nan ina leƙe kamar mai jiran kaza ta ƙyanƙyashe. Itatuwa suka yi fure, wake ya yi 'ya'ya, sanyi ya fara sassauci. Reshe ɗaya ya yi baƙi ya bushe, na taɓa shi ya karye. Ranar ko gurasa ban ci ba.

Kusan kwana arba'in da ɓarnata, ina dawowa daga ɗebo ruwa da hantsi, na ji ana kirana da ƙarfi. Muryar Iya ce. Na yar da bokitin na sheƙo. Tana durƙushe, Baba yana tsaye a bayanta. A jikin reshen da ya rage wani ɗan toho ya fashe, ganye ƙarami kamar kunnen ɓera, gefensa ja-ja. Ta kamo hannuna ta kai shi kusa da ganyen, ba ta bari na taɓa ba.

Na ce Baba ya roƙar mini gafara, ya gaya mata na san ta yi fushi da ni kuma tana da gaskiya. Ya faɗa mata. Ta girgiza kai, ta yi magana mai ɗan tsawo, tana share ido da gefen mayafi. Baba ya juyo ya ce, "Ta ce tun daren farko ta yafe maka, don ta san alheri ka nufa. Amma cikinta cike yake da magana mai zafi. Ta ce kai ɗan mutane ne, uwarka tana nesa, in ta buɗe baki wata kalma ta fita, ba ka da wanda za ka kai wa kuka. Shi ya sa ta rufe bakin har zafin ya huce."

Ni namiji ne mai mata da 'ya'ya, amma a wurin na zauna a ƙasa na yi kuka.

Na ƙara shekara ɗaya a wurinsu kafin in dawo gida. Lokacin da na taho inabin ya kai rabin ƙarfen rumfar, bai fara 'ya'ya ba, don haka har yau ban san ɗanɗanonsa ba. Na koyi abubuwa da yawa a gonar nan, har mangwaron mutane nake aurarwa yanzu a lambunan garinmu. Amma ba wannan ne ya fi zauna mini ba. Ni mutum ne mai saurin baki, matata shaida ce, da can in raina ya ɓaci sai na amayar da komai sannan in dawo ina ba da haƙuri. Yanzu in na ɗauki ɗan ƙwadago daga wani gari ya yi mini ɓarna a gona, maganar takan taso har maƙogwaro. Sai in dube shi in tuna shi ma uwarsa tana nesa. In juya in tafi gida, in ce a kai masa tuwonsa da zafi.