Saƙin da Ya Fi Ƙarfin Jip

Ni dai tun ina ƙarama ba a san ni da zama wuri ɗaya ba, har yau kuma ban gyaru ba. A gidanmu na Tawa, in an idar da magariba an ci tuwo, Kaka takan sa a hura mata wutar kara a ƙofar ɗakinta, ta zauna da audugarta da mazarinta, mu jikoki mu kewaye ta. Sauran yara sukan natsu. Ni ce mai tsokanar wuta da tsinke, mai tashi in leƙa zaure, mai tambayar ƙarshen tatsuniya tun ba a kai tsakiya ba. Kaka takan ce ko kan ƙaya aka haife ni.

Shekaru kaɗan bayan samun 'yancin ƙasa aka sa ni lakwal, wato makarantar boko. Mai koya mana ɗinki Madam Sesiliya ce, Kirista daga Dogondutsi, mace mai tsabta da kaifin ido. A ɗakinta akwai keken ɗinki guda ɗaya tak, lulluɓe da ƙyalle, ba mai taɓa shi sai ita. Ni kuwa ƙarar keken nan har cikin barci nake jin ta. Wata Litinin ta raba mana takardu da aka yanke da siffar jip, wato siket, mai tattara a ƙugu, irin wadda ake shimfiɗawa kan yadi a bi da almakashi. Ta ce kowa ta zo da yadi mara nauyi, za mu ɗinka da hannu, wadda nata ya fi kyau ita za ta fara hawa keken. Na dawo gida da gudu, ko takalmi ban tsaya sawa ba.

A ƙasarmu ta Adar kuwa, a wancan zamani, nauyin zane shi ne darajarsa. Mace takan ɗora zane a tafin hannu ta auna shi tun ba ta dubi launinsa ba. Da Kaka ta ji an ce mara nauyi, sai ta ɗauka Madam tausayin talauci take mana. Ta shiga ɗaki ta buɗe adudunta, ta fito da baƙin saƙinta. Ita ta kaɗa zarensa da hannunta, wani masaƙi a Bambeye ya saƙa, aka tsoma shi a marina har sau uku. Ko uwata ba ta taɓa ɗaura shi ba.

"Jikata ba ta tsayawa gaban mutane da tuhwan da rana ka ratsawa," in ji ta. "Ki kai ma Madam ɗin taku, ta san gidanga da mutane ciki."

Na karɓa da hannu biyu, na ji nauyinsa tun daga kafaɗa.

Da na kai shi lakwal, Madam ta daɗe tana shafa saƙin. Ta kama gefensa da yatsu biyu ta ɗaga, ta ce mu duba. Yadin da ya zubo ƙasa yana lilo, shi ne na tattara. Wanda ya yi shara-shara da yawa zai manne a jiki, kowace iska ta yi wasa da shi. Wanda kuma ya tsaya ƙiƙam, zanen ɗaurawa ne, a bar shi a zanensa. Ta tattara bakin saƙin ta saki, ya miƙe ya koma yadda yake. Ta ninka shi huɗu ta ba ni allura, na tura har yatsana ya yi jini, ba ta wuce ba. Ta ce in an matsa an ɗinka shi, zan zama kamar an kife ni da kwando, kuma ita ba za ta sa wa zane irin wannan almakashi ba. In mayar wa mai shi, in zo da wani kafin Juma'a, in ba haka ba babu ni a zancen keke.

Faɗa da baki ba wuya. Wa ya taɓa mayar wa tsohuwa kyautarta a garinmu? Kamar ka ce mata abinta bai isa ba ne. Na naɗe saƙin na cusa shi cikin rumbu, ƙarƙashin dammunan gero. Da Kaka ta tambaye ni ko Madam ta yaba, na ce ta yaba ƙwarai, wannan kam ba ƙarya na yi ba. Da ta tambaya ko an yanka, na ce an kusa. Kwana biyu ban ci abincin kirki ba. In shiga ɗaki, in fito, in zagaya bayan rumbu, in dawo. Ina tsoron ɓera, ina tsoron Juma'a, ina jin haushin Madam, ina jin haushin Kaka, na rasa wanda zan gaya wa.

Ran Laraba da yamma aka hura wuta. Kaka ta murza mazari ta ce, yadda ta saba, ga ta ta taho da ƙafafunta, muka ce a ba ta tabarma. Sai ta ɗauko tatsuniyar da na fi tsana, ta yarinyar nan mai son ganin abin da ke bayan dutse. Duk mun iya ta da ka. Uwa takan ba yarinyar zane mai kauri ta ƙi, ta ɗaura wani falle mara nauyi, iska ta taso ta sure ta, ba a sake jin ɗuriyarta ba. In an kai nan Kaka takan dube ni ta ƙasan ido, yara su yi ta dariya.

A wannan yammacin sai yarinyar ta karɓi zanen uwarta. Uwar ta naɗe ta da shi tamau, don tana son ta, tana so duk inda ta je a san daga gidan mutane ta fito. Yarinya ta hau tudu ta jira. Iska ta zo ta ce ta tashi su je, ta ɗaga ta, ta kasa. Ta koma ta tattaro ƙarfi ta dawo, ko gezau. A na uku iska ta ce tana da nisan tafiya, ta wuce. Yarinya ba ta iya cire zanen ba don kunyar uwarta, ba ta iya komawa gida ba don zuciyarta na bayan dutse. Tana nan zaune ciyawa ta tsiro a gindinta, har ita ma ta zama dutse.

Yayata Hajo ta ce ai ba haka take ba. Kaka ba ta ɗaga kai daga zarenta ba.

"Yau haka ta taho," ta ce. Sannan ta kira sunana. "Rabi, tahi ki hiddo min saƙina inda kinka ɓoye shi, tun ɓeraye ba su ɗinka nasu jip ba."

Yara suka fashe da dariya. Ni kuwa kuka na fashe da shi, na kunya da na sauƙi a haɗe. Ashe tun ranar farko ta gani, da ta je ɗibar gero.

Washegari ta kwashi zaren da ta kaɗa tun lokacin girbi, ta ja ni kasuwa wajen wani Bamaraɗe mai yadi. Ta sa ni na ɗaga kowane da yatsu biyu yadda Madam ta nuna, tana kallo, baki a taɓe. Da na tsaya kan wani shuɗi mai zubowa, ta ɗora shi a tafinta, ta ce wanga ko kaza ba shi rufewa. Amma ta miƙa zarenta ta karɓe shi.

Na hau keken. Keken ya kai ni Maraɗi, ya kai ni Yamai, Tawa ta koma wurin da nake zuwa da salla, wata sallar ma ban zuwa. Ƙafata na kan keke aka aiko mini Kaka ta rasu, har an kai ta.

Na daɗe ina zaton don ta fid da ni kunya kawai ta juya tatsuniyar. Sai da 'yata ta tsaya gabana da takardar tafiya karatu wata ƙasa, na ji hannuna na neman duk wani abu mai nauyi da zan ɗora mata, sannan na gane. Kaka ba ta yarda tsohuwar tatsuniyar ƙarya ce ba. Ta san in ta sassauta mini zan tafi, kuma ba lalle in same ta ba in na dawo. Da sanin haka ta taka har kasuwa, ta ba da zaren hannunta.