Muryar Dorival a Kunnen Mutum Biyar

Ban yarda da labarin ba da mahaifiyata ta ba ni shi, kuma dalilina biyu ne. Na farko, shekara tara da na yi ina karatu a Kanada sun zaunar mini da abu ɗaya a kai: abin da aka naɗa a faifai ba ya sauya magana, abin da ya faɗa jiya shi zai faɗa gobe. Na biyu, ban ma ɗauka ƙungiyar Tulun Gidiyon tana nan ba. Ƙungiyar kiɗan rok ta cocinmu da na sani ina yarinya samari biyar ne masu dogon gashi, waɗanda tsofaffin mata ke toshe kunne in sun hau dandamali. Babu ko ɗayansu a cikinta yau. A shekara talatin mutum ashirin da uku sun shiga sun fita. Na tambayi mahaifiyata, Nair, me ya rage ban da sunan da ke jikin motarsu.

"Aristeu ya rage," in ji ta, tana goga masarar da za ta yi pamonha, alalar masara ta wajenmu, ba ta ko ɗago kai ba. "Da muryar. Je ki gani da idonki, 'yar boko."

Kawu Aristeu ba ɗan'uwanmu ba ne na jini, maƙwabci ne, amma duk yaran layinmu a garin Anápolis haka muke kiransa. An haife shi a gona kusa da Jaraguá, ya zo birni yana ɗan shekara goma sha biyu, ya koyi gyaran rediyo. Har yau yana da shagon, sai dai yanzu fanka da injin markaɗe ake kawo masa. Bai taɓa aure ba. Mutum ne da za ka zauna da shi awa guda ka tashi ba ka ji kalma goma ba. Ƙanensa Dorival, da ya ba wa shekara ɗaya, shi ne mai baki. Dorival ne ya kafa ƙungiyar a 1993, shi ke rera waƙa, shi ke faɗa da dattawan ikilisiya a kan ko jitar lantarki tana shiga gidan Ubangiji. Aristeu kuwa tun ranar farko ya koma can bayan coci, cikin wani ɗan keji na katako da ya gina da hannunsa, gaban teburin sauti. Ba ya barin kowa ya shiga.

A 2001 suka sayi 'yan na'urorin da makaɗa ke sawa a kunne. Dorival ya zauna ya naɗi muryarsa a kan kowace waƙa, domin kada wani ya ɓace a tsakiyar kiɗa. Jama'a ba sa ji, mutum biyar ɗin kaɗai ke ji. "Ɗaya, biyu, uku, mu je." Can sai, "Bira, shiga." Can kuma, "Galego, sassauta, ba gobara ake yi ba." Bira shi ne mai jitar bas, Galego mai ganga. Bayan shekara biyu babbar mota ta murƙushe Dorival a hanyar Brasília, yana dawowa daga sayen igiyoyin jita. Aka binne shi ranar Talata, ranar Lahadi ya ƙirga musu kamar kullum.

Daga nan al'adar ta samo asali, ba tare da wani ya zauna ya tsara ta ba. Bira na gaskiya ya yi aure, matar ta ce ko ita ko jita. Wanda ya gaje shi sunansa daban, amma muryar ba ta san haka ba, in ta ce "Bira" dole ya shiga. Cikin wata biyu kowa a coci Bira yake ce masa. Haka aka yi ta tafiya. Wani ya samu aikin dare a kamfanin magani, wani ya koma kiɗan biki inda ake shan giya, wani ya zama fasto a jihar Tocantins, biyu suka ɓata a kan wanda ya fi ɗaga sauti. Kowane sabo ya zo, sai ya tarar da suna yana jiransa. Galego sunan da ake yi wa fari mai jan gashi ne, kuma na farkon haka yake. Na yanzu, na shida, baƙi ne wuluk, matarsa ma Galego take ce masa. Ya faɗa mini da dariya cewa kafin ya shiga ƙungiyar bai taɓa cizon leɓe in yana kiɗa ba. Daga baya ya ga tsohon hoton na farkon, leɓe a tsakanin haƙora. Da ya kai nan dariyar ta tsaya.

Bira ta yanzu yarinya ce mai shekara goma sha tara, Jucilene. An haife ta wata takwas bayan mutuwar Dorival.

Abin ya faru ne wata Asabar da hantsi, ana gwajin waƙoƙin Kirsimeti. Mahaifin Jucilene yana asibiti, sau biyu muryar ta ce "Bira, shiga" ba ta shiga ba. Aka sake daga farko. Da aka zo wurin, sai muryar ta ce, a hankali: "Jucilene, 'yata, shiga. Kada ki ji tsoro."

Duk su biyar suka ji. Jucilene ta saki jitar, jitar ta faɗi a kan siminti.

"Ni dai na riga kowa kaiwa ƙofa," in ji Wanderson, mai rera waƙarsu na yanzu, lokacin da na same su a gindin mangwaron coci suna shan kofi. "Kullum ina waƙar ba na tsoron kwarin inuwar mutuwa, ashe ban taɓa leƙa shi ba ne."

"Takalminka ɗaya ka bari," in ji Galego.

"Kai da ka ɓuya bayan ganga fa? Ƙato da kai."

Jucilene ba ta yi dariya ba. Ta ce tun ranar ba ta sake sa abin a kunne ba. Ta ce abin da ya fi damunta ba tsoron ba ne, shi ne ta ji daɗi. Shekara ɗaya da rabi tana cikinsu, ranar ce aka fara kiran sunanta a kan dandamali.

Fasto Eliezer mutum ne mai sanyi, amma magana ta riga ta bazu. Wasu na cewa mu'ujiza ce, wasu na cewa abin da Littafi ya hana ne, wato neman magana da matattu. Ya yanke cewa Asabar mai zuwa Aristeu zai kawo faifan gaban dattawa, a sa shi a lasifika kowa ya ji. Ko da sunan a ciki ko babu, daga ranar an daina amfani da shi. Wanderson yana da kwamfuta mai ƙirge da muryar inji, ita za ta maye gurbinsa.

Ranar Alhamis da yamma suka yi gwaji na ƙarshe da muryar, ban da Jucilene. Hadari ya haɗo, cocin ya yi duhu tun ƙarfe huɗu, ruwa ya fara dukan kwano. Na zagaya ta waje na tsaya a wata 'yar taga da ke kallon cikin kejin. Kawu Aristeu yana zaune, kansa a sunkuye, tawul a wuyansa. Shekaru mutane suna cewa ba mai addu'a kamarsa, domin in ana kiɗa leɓensa ba ya tsayawa. Na dubi na'urar faifan da ke gefensa. Ba wuta a jikinta, wayarta ma a naɗe take. Wani ɗan agogon kiɗa ne kawai ke ƙwas, ƙwas. Sai na ga bakin ƙaramin makirufo a ƙarƙashin tawul ɗin.

Ta tsagar tagar na ji shi. Ba muryar da yake gaishe ni da ita ba ce. Wannan tana da kauri, tana da dariya a ciki. Kafaɗunsa sun buɗe, ƙafarsa ta hagu tana buga ƙasa. Ina da shekara goma da Dorival ya mutu, amma gashin jikina ya gane shi kafin ni.

Ya ɗago ya gan ni. Bai tsaya ba, sai da ya kai waƙar ƙarshe.

Washegari na same shi a shago, ya kwance wata fanka. Ya turo mini kujera da ƙafa.

"'Yar Nair, kin zama mai leƙen taga a Kanada?"

"Tun yaushe, Kawu?"

Ya ce tun damunar 2012. Kwano ya yi yoyo a kan akwatin fayafayan, bai sani ba sai da ya buɗe, saura awa biyu su hau dandamali a wani taron matasa. Ya sa na farko, shiru. Na biyu, shiru. Dukansu sun mutu. Ya haddace kowace kalma, har da inda Dorival ya yi tari. Tun suna yara mahaifiyarsu ba ta iya bambance su a waya. Sai ya jawo makirufo ya yi muryar da bakinsa. Ya ce a ransa yau kaɗai, gobe zai faɗa musu.

"Ba wanda ya gane?"

"Galegon lokacin. Na uku. Ya san Dorival. Ana cikin waƙa ya ɗago ya dube ni tun daga can. Wata huɗu ya tafi Fotugal." Ya hura ƙurar fankar. "Sauran da suka san muryar suka bi ɗaya bayan ɗaya. Waɗannan yaran ba su taɓa jin Dorival ba. Ni suka sani, ba su san ni ba ne."

Na tambaye shi me ya hana shi faɗa a goben. Ya daɗe yana juya sukurdireba.

"In na yi shiru, wa zai sake jinsa? Har da ni."

Na ce zai iya cewa faifan ya ɓace. Ya dube ni kamar na zagi wani. Ya ce ƙarya ɗaya ta ishe shi.

Ranar Asabar ƙarfe goma na safe dattawa shida suka zauna a bencin gaba, makaɗan a bayansu, mu 'yan kallo can baya. Kawu Aristeu ya zo da akwatin, ya ajiye gaban Fasto. Fayafayan sun yi tsatsa, takardun jikinsu sun manne, rubutun Dorival ya narke ya zama shuɗin tabo.

"Ɗan'uwa Aristeu," in ji Fasto, "wannan ba zai yi magana ba."

"Ba zai yi ba, Fasto."

Ya hau dandamali, wurin da bai taɓa takawa ba sai don jan waya. Ya tsaya gaban makirufon tsakiya, ya rufe ido. Ya ce, "Ɗaya, biyu, uku, mu je."

Wata tsohuwa, gwaggon su Aristeu, ta yi ƙara ta kira sunan Yesu. Hannun Galego ya buga cinyarsa sau huɗu kafin ya ankara ya riƙe shi da ɗaya hannun. Wanderson bai yi barkwanci ba. Aristeu ya buɗe ido, ya koma ƙaramin mutumin da muka sani, ya ba su labarin da muryarsa, wadda sai da Fasto ya ce ya ɗaga.

Dattawa suka yi awa biyu a ɗaki. Suka fito da hukunci: ya ruɗi ikilisiya shekara goma sha ɗaya, za a zaunar da shi a benci wata shida, ba zai taɓa teburin sauti ba. In ya dawo, ba zai ƙara yin muryar ba, ko a gwaji. Ya ce ya ji. Ya ciro mabuɗin kejin daga wuyansa ya ba Wanderson.

Na je sujadar Kirsimeti. Muryar inji ce ta ƙirga musu, mace, ba ta kiran kowa. Kiɗa ya tafi daidai, ba wanda ya yi kuskure. Jucilene ta koma gefen dama na dandamali, inda babu Biran da ya taɓa tsayawa. Galego ya ce wa mai shela ya kira shi da sunansa na gaskiya, Josimar, jama'a suka yi ta waige suna neman ko wane ne. Da aka tashi na ji wata mata tana tambaya ko baƙi aka gayyato. Kawu Aristeu yana benci na tara, hannuwansa a kan gwiwa, bakinsa a rufe gam, har jijiyar wuyansa ta fito.

Bayan sabuwar shekara na koma shagon da rana tsaka, na kai masa burodin cuku da mahaifiyata ta gasa. Ya rame. Ya ce yana lafiya, sai dai shagon ya yi masa shiru, ko da rediyo uku a kunne. Akwai abu ɗaya da dattawa ba su tambaye shi ba, domin sun ɗauka amsar a fili take: ya ga yarinya cikin damuwa, tausayi ya kama shi, ya manta kansa. Ni ma haka na ɗauka, kuma haka na so ya ce. Na tambaye shi dai.

"Kawu, shekara goma sha ɗaya ba ka sauya ko kalma ɗaya ba. Me ya sa ranar ka kira sunanta?"

Ya ajiye burodin a kan takarda, ya share yatsunsa ɗaya bayan ɗaya.

"'Yar Nair, daga kejin ba na hango fuskarta, ban kuma san mahaifinta yana asibiti ba sai daga baya," in ji shi. "Ni 'Bira' na buɗe baki zan ce."